Gudwa da Kaset ɗin Inna

Ni ban je Sabha ta Libiya don in zauna ba, kuma ban san wanda ya je don haka ba. Gari ne da ake sauke jaka, a nemi na mota, a ƙara gaba. A shekarun da rediyon ƙasar ke ta faɗin Afirka ɗaya ce, aka kakkafa alluna masu taswirar nahiyar a bakin hanya, ni da yayana muka taso daga Damagaram, muka bi ta Agadas da Dirku a saman kamiyo, wato babbar motar kaya, muka sauka a unguwar Hajara leɓɓanmu duk a tsage. Ɗaki ɗaya muka samu, mu goma sha wani abu a ciki, 'yan Nijar da Kanawa biyu. Hirar kowa ɗaya ce, wato yaushe mota za ta tashi zuwa Tarabulus, babban birnin ƙasar can arewa.

Ranar da za mu bar gida Inna ba ta yi mana doguwar nasiha ba. Ta kama hannuna ta sa a cikin na Yaya, kamar yaran da za a aika kasuwa, ta ce, "Kar ɗaya ya bar ɗaya." Yaya ya ce to. Ni ma na ce to, amma idona na kan mota.

Yaya mutum ne mai sanyi, sanyin da har yakan ba ni haushi. In ka tambaye shi abu sai ya gama tauna lomar da ke bakinsa, ya sha ruwa, sannan ya ba ka amsa da kalma uku. Ni kuwa Inna kan ce da ƙaiƙayi a tafin ƙafa aka haife ni. Yaya ya kama leburanci, yana ɗaukar bulo a wajen gini. Ni kuma ɗan Faransancin lakkol, wato makarantar boko, da ɗan girkin da na koya a gidan wani ma'aikaci suka kai ni wani sansani a bakin gari, inda Turawa masu yawon buɗe ido ke sauka kafin su shiga sahara. Turis muke ce musu. Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne: katanga, bukkoki na ganyen dabino, fili na kafa tanti, famfo biyu, da motocin nan masu hawa rairayi da muke kira kat-kat. Mai wurin Balarabe ne, mudir muke ce masa. Ni ne kuku.

Direban da aka haɗa ni da shi wani dattijon Buzu ne. Hausarsa a karye take, amma ba ta taɓa hana shi tsokanata ba. Da shi nake Hausa, da turis nake Faransanci, shi ya sa na yi watanni a Libiya Larabcina bai wuce na sayen burodi da albasa ba. Wannan ragwancin kunne shi ya ja mini abin da zan faɗa.

Tafiyata ta farko da turis na ɗauka wasa ake. Rairayin nan da ya kusa cinye mu a hanya, wanda muka yi ta salati a kansa muna lasar murfin jarka, shi mutanen nan suka hau jirgi suka zo su kwanta a kai. Mukan kai su tafkunan da ke tsakiyar tuddan rairayi, ruwa kore shar da dabino kewaye da shi, gishiri ya yi masa yawa har mutum ba ya nitsewa. Sai su tuɓe su faɗa, su yi rigingine a saman ruwa suna dariya, sauro na cin rabonsa. Ni ina gefe ina yanka tumatir. Da la'asar a kafa tantuna nesa da ruwa, ni in jera tukwane a bayan mota inda iska ba ta kashe wuta, Buzu ya kwaɓa gari ya binne shi a rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya fito da burodi ya kakkaɓe. Duk wanda ya ci sai ya lumshe ido ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Ni dai ƙasa nake ji a haƙorina.

Kyau kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Da safe kafin kowa ya taka, tuddan nan sumul suke kamar an shafe ɗaki da sabon yaɓe. Amma ni ban iya kallonsu ba. In na ɗora ruwan shayi sai in hau tudu mafi kusa in tsaya ina duban arewa, ko da yake ba abin da ke can sai wani tudun. Wata madam mai farin gashi ta taɓa tambayata ko na san irin sa'ar da na yi, da nake aiki a wuri mai shiru haka. Na ce, "Wi, madam." A raina kuwa cewa nake, ke da kika zo daga inda nake son zuwa, ba ni takardarki mana, ki riƙe shirun.

Buzu ya gane ni tun ranar. Yakan ce, "Kuku, kai jiki naka nan, ido naka Tarabulus. Miya zai ƙone."

"Baba, miya ba ta taɓa ƙonewa a hannuna ba."

"Yau zai fara."

Da lokacin turis ya kankama, mudir ya ce za mu kai wasu Italiyawa duwatsun Akakus, can wajen Gat, tafiyar kwana goma. A daidai wannan makon ne labari ya cika ɗakinmu na Hajara cewa akwai kamiyon da zai tashi arewa ranar Alhamis, kuma kusan kowa a ɗakin ya sa sunansa. Na rasa inda zan sa kaina. In na bi turis mota ta tafi ba ni, in na bi mota guzirinmu bai kai na mutum biyu ba. Na samu Yaya yana wanke ƙafa bayan ya dawo daga gini, na ce, "Yaya, na mutum ɗaya kawai muke da shi. Yaya za a yi?"

Ya gama cuɗa dunduniyarsa tukuna. Ya ce, "Je ka dawo."

Kwana goman nan ban san yadda na yi su ba. Duwatsu ne baƙaƙe da jajaye, iska ta sassaƙe su, wani kamar ƙofar gari, wani kamar naman kaza. A jikinsu akwai zanen mutanen da, shanu da raƙuman dawa da mafarauta, a wurin da yau ko ciyawa babu. Italiyawan sukan tsaya gaban zane ɗaya har shayi ya huce. Kowace yamma sabon masauki: a sauke kaya, a kafa tanti a gindin dutse, a tono tukwane, da safe a naɗe komai a binne toka a tsince ko ƙaramar leda, don Buzu ba ya yarda a bar wa wuri alamar an kwana. Sanyin safiya a can yana shiga har ƙashi, ga shi bargonmu ɗaya ne ni da Yaya, na baro masa. Ranar Alhamis ina dama miya a wani kwari, na ce a raina, yanzu suna hawa. Na zuba gishiri sau biyu. Buzu ya ɗanɗana ya dube ni, kallon da ya fi tsokanar zafi.

Muna dawowa Sabha ko tukwanen ban wanke ba na nufi Hajara. Na tura ƙofar ɗakinmu na ga baƙin fuskoki, sababbin zuwa, ba wanda ya san ni, ba wanda ya san Yaya. Jakarsa ba ta nan. Takalmansa na gini ba sa nan. Bargonmu ne kawai a naɗe a kan jakata, an ɗaure shi da igiya.

Akwai wani tsohon Balarabe mai kanti a bakin layin, wurinsa muke sayen burodi. Na tattara ɗan Larabcin da nake da shi na ce, "Haji, ɗan'uwana fa?" Ya gane ni sarai. Ya ɗaga hannu ya wurga shi sama da kafaɗarsa, ya ce, "Gudwa." Na sake tambaya. Ya sake cewa, daga can cikin maƙogwaro, "Gudwa, gudwa," har da murmushi.

Guduwa na ji. Me kuma kunnen Bahaushe zai ji? Ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi tsohon da bai san ko "sannu" ba ya iya wannan kalma ɗaya ba. Na ɗauka a bakin 'yan ɗakinmu ya tsince ta, tun da kullum wani na gudu daga wani abu. Kaina ya yi zafi. Wato mutumin nan mai sanyi kamar randa, da "je ka dawo" ɗinsa, ya lallaɓa ni na tafi daji na dafa wa Turawa makaroni, shi kuma ya kwashi guzirinmu ya hau mota. Ya bar mini bargo don ya wanke kansa. Abin da ya fi ci mini rai, in faɗi gaskiya, ba barin da ya yi mini ba ne. Ya riga ni ne.

A lokacin ba kowa ke samun waya ba, kuma Inna ba ta karatu. Kaset ake aikawa. A tashar da kamiyoyin kudu ke lodi akwai wani mutumin Maraɗi mai rakoda, ka zauna a bayan rumfarsa ka yi maganarka, ya rubuta sunan gari da unguwa a jiki, a ba direba. Daga kantin tsohon can na zarce, ko ruwa ban sha ba. Na yi gaisuwa a gurguje, sannan na ce, "Inna, abin da kika ce kar a yi an yi. Yaya ya gudu ya bar ni. Ina daji wajen aiki ya kwashe abin da muka tara ya gudu arewa. Ko sallama babu. Ki gaya wa mutanen gida, guduwa ya yi." Mai rakoda ya ce, "Malam, ko za ka bari sai ka huce? Akwai wata motar jibi." Na ce masa aikinsa danna maɓalli ne.

Na san yadda ake jin kaset a gidanmu. Ba a ɗaki ake ji ba. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a aro rakoda da batir, maƙwabta su shigo, matar Yaya ta zauna a gefe da goyonta. Na san da haka lokacin da nake magana, kuma shi ya sa na maimaita kalmar. Ina tsaye kamiyon ya tashi, katifu da jarkoki sun yi masa tsororuwa, ya nufi kudu.

Ban gaya wa kowa a sansani ba, kunya ba ta bar ni ba. Kwana biyu bayan haka wasu Faransawa suka sauka, za a kai su rairayin Murzuk. Ina wanke tukwane a bakin famfo na ji ɗaya daga cikin direbobi ya tambayi mudir wani abu, mudir ya amsa yana tafiya, "Gudwa, in sha Allah." Soso ya faɗi daga hannuna. Na je wurin Buzu na ce, "Baba, me mudir ya ce?"

"Ya ce gobe. Tafiya gobe."

"Gudwa shi ne gobe?"

"Wata nawa kai nan? Gudwa, gobe. Kunne naka na ado ne."

Na bar tukwanen a jiƙe na koma Hajara da sassarfa. In gobe tsohon yake nufi, to Yaya ya dawo tun jiya, yana nan yana nemana. Na tarar da ɗakin yadda na bar shi. Na zauna a bakin ƙofa har la'asar ta yi sanyi, duk wanda ya shawo kwanar layin sai gabana ya faɗi. Bai zo ba. Kanti a rufe, an ce tsohon ya tafi biki ƙauye. Zan faɗi abin da na ji a lokacin ko da ba shi da daɗin faɗi: sanyi na ji a raina. Tun da bai zo ba, ashe ban yi masa ƙarya ba. Na koma sansani ina jin kamar wanda ya ci shari'a.

Washegari ba mu tashi da wuri ba, takardun turis suka tsaya a wani ofis har bayan azahar. Da muka kama hanyar kudu ina gaba kusa da Buzu, kwalin ƙwai a cinyata. Ya dubi rana ya ce, "Murzuk babu yau. Mu kwana Gudwa."

Na ce, "Gobe ke nan za mu kwana?"

"Yau. Gudwa."

"Baba, kai ka ce mini gudwa gobe ne."

Ya yi dariya har rawaninsa na rawa. "Wancan gudwa gobe. Wannan Gudwa gari. Ga shi gaba, dabino da yawa. Mutanen ku cike, suna yanka dabino yanzu."

Sai hannun tsohon mai kanti ya dawo mini. Da ya wurga shi sama da kafaɗarsa, bayansa yake nunawa, kuma ƙofar kantin arewa take kallo, wato kudu ke nan. Nan na gaya wa Buzu komai, har kaset. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Mota na kaset ya wuce Gatrun tun jiya. Babu kamawa."

Muka kafa sansani a wani fili tsakanin tudun rairayi da gonakin dabino. Faransawa suka bazu da kyamarorinsu suna jiran faɗuwar rana. Buzu ya karɓi wuƙar daga hannuna ya ce shi zai yanka albasa, in tafi. Na bi gonaki ɗaya bayan ɗaya ina sallama, ina tambayar ɗan Damagaram, dogo, marar magana. A gona ta huɗu wani ɗan Tawa ya nuna mini sama da haɓarsa.

Yaya na can ƙolin bishiya, igiya a ƙugunsa, yana yanko dabino yana zuro shi ƙasa a hankali. Ya gan ni. Bai yi sauri ba, sai da ya gama da wanda ke hannunsa sannan ya sauko. Hannayensa duk ƙaya ta farfasa su. Ya ce, "Ka dawo? Haji ya gaya maka ke nan. Ka ga bargon? An ce duwatsun nan da sanyi."

Aikin gini ne ya tsaya, ɗaki kuma ya watse ranar Alhamis. An yi masa tayin wuri a kamiyon, har an matsa masa, ya ce ƙaninsa na daji. Da ya ji ana neman masu yankan dabino a nan sai ya zo, don kar ya zauna yana cin guzirinmu. Ya kwance wani ƙulli daga cikin wandonsa ya nuna mini, kuɗinmu na nan yadda suke.

Na so ƙasa ta tsage. Na gaya masa maganar kaset a tsaye, ban iya zama ba. Ya saurara har na gama, yana cire ƙaya daga tafin hannunsa da haƙori. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"A tsakar gida za su ji?"

Na ce e.

Ya ce, "To." Ya ɗebo dabino cikin tafinsa ya miƙo mini. Da ya zage ni, ko ya kwaɗa mini mari, da na samu abin riƙewa. Na ci dabinon ina kuka, su Faransawa na can saman tudu suna tafa wa rana.

Da na dawo daga Murzuk muka je tasha tare muka yi kaset na biyu. Na yi bayani dalla-dalla, gudwa ta gobe, Gudwa ta gari, guduwa tamu, na rantse, na nemi gafara. Yaya ya matso bakinsa kusa da rakoda ya ce, "Inna, muna tare. A gaida yara." Sai dai kaset na biyu bai samu mota da wuri ba, kuma da ya isa ba a taru an ji shi kamar na farko ba. Labari mai daɗin baki ya riga ya zaga unguwa, bayanin kalmar Larabci kuwa wa zai tsaya ya bi shi.

Ga sauran, wanda ban cika faɗa ba. Lokacin turis bai ƙare ba wata motar arewa ta samu, ƙaiƙayin ƙafata ya tashi. Na kwana uku a tafkunan nan ina juya abin, ina ƙona miya. Na je Gudwa na same shi na ce, "Yaya, ni fa ba zan iya ba. Zan tafi." Ya tauna abin da ke bakinsa ya haɗiye. Ya kwance ƙullin nan ya ba ni duka, ya raka ni tasha da jakata a kansa. Rumfar mai rakoda na nan a gefenmu, ko kallonta bai yi ba.

Bayan shekara ya koma gida. Da Inna ta tambaye shi ina ƙaninsa, cewa ya yi shi ne ya gaji ya baro ni ina aiki lafiya. Wannan ya ƙara tabbatar wa unguwa abin da ta riga ta yarda da shi. Ni kuwa na yi shekaru ina gaba, Tarabulus, bakin teku, wani garin bayan wani, ban tsallaka ba, ban kuma zauna ba. Har Inna ta rasu ba ta san wanda ya saki hannun wani ba.

Ranar da na dawo Damagaram da furfura a gemuna, muna zaune da shi a zaure ana ta shigowa yi mini barka da zuwa, ana ce mini mutumin Libiya, an sha hanya. Sai wani mai kawo itace ya tsaya a ƙofa da jakinsa, ya ɗaga murya ya ce, "Ina Mai Guduwa? A sauke a nan?"

Na miƙe zan yi magana. Yaya ya dafa gwiwata ya zaunar da ni, ya juya wajen ƙofa.

Ya ce, "Na'am. Sauke a nan."